Ina Ungulu Ta Shiga, Kuma Me Rashinta Zai Ja Mana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni malamin firamare ne a Gwadabawa. Muna yara ungulu ta cika kwata da bakin kasuwa, har sai mahauta sun riƙa korarta da sanda. Yau sai a shekara ba mu sa ta a ido ba. Iyayenmu ma suna ba mu labarin barewa da jimina a wuraren da yanzu gonaki ne. Wasu sun ce fari ne ya kore su, wasu sun ce ƙarshen zamani ne. Shin da hannun ɗan Adam a ciki? In kuma sun ƙare ƙaf, mu me ya ci mana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da hannunmu a ciki dumu-dumu. Fari ya yi nasa, ban musa ba, amma fari ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. An yi yunwar 1914, an yi farin 1972 zuwa 1974, an sake yin wani a 1983 da 1984. Kafin su duka, a farkon shekarun 1890, ciwon bushiya ya share shanun Fulani, ya haɗa da ɓauna da wasu manyan namun daji. A dā dabbobin kan farfaɗo bayan kowace masifa, domin in ruwa ya dawo akwai dajin da za su koma su hayayyafa. Yanzu ruwa na dawowa, amma dajin babu shi, ga guba, ga bindiga, ga kasuwa tana jiran gawarsu.

Rashin dajin shi ne babba, ko da yake shi ne ba a cika lura da shi ba, tunda ba ya zubar da jini. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 200. Kowane baki na son gero, kowane murhu na son itace. Saurar da ake bari ta huta shekaru ta zama labari, burtali ya tsuke, an nome hurumi, an sare kirya da marke an yi gawayi. Ban ɗora wa talakan manomi laifi ba, wanda ke da 'ya'ya goma da gona ɗaya dole ya ci daji. Amma barewa ba sai an harbe ta take ƙarewa ba. In ta rasa duhuwar da za ta ɓoye ɗanta daga karnukan ƙauye, shekara biyar ba ɗa ko ɗaya da ya rayu, to ta ƙare ke nan ko ba a taɓa ɗana mata tarko ba.

Haka abin yake a ruwa. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Gulbin Rima a 1984. Sun shayar da birni, sun raya noman rani, wannan ba a musu. Sai dai sun canza ambaliyar da fadama ta saba gani kowace damina, alhali a cikin ciyawar da ruwa ya mamaye kifi ke zuba ƙwai, a nan ne gauraka ke yin sheƙa. Ita gauraka ma bugu biyu ta sha: fadamarta ta zama gonar shinkafa da albasa, sannan aka riƙa kama ta ana kai wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida don ado, an fige mata fiffike, ba ta ƙwai ba ta ƙyanƙyasa. Yau a Nijeriya ta kusa zama tarihi. A gulbin kuma aka shigo da Gamalin, wani maganin ƙwari mai guba, ana zubawa kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami, har da kwaɗi da ƙwarin da kifin gobe zai ci. Aka ƙara da gidan sauron da aka raba don zazzaɓi, aka mai da shi taru, yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba.

Farauta kuwa mun gaje ta, ba yau aka fara ba, kuma ba ita kaɗai ce matsala ba. Maharbin dā yana tafe da ƙafa, da kwari da baka ko harba-ruga, yana da sarkin da ke tsawata masa, yana da lokacin shiga daji, kuma abin kunya ne a ce ya kashe mai ciki ko mai shayarwa. Ƙafarsa ce iyakar ɓarnarsa. Da mota da babur da fitila mai kashe ido da bindigar zamani suka shigo, sai iyakar ta gushe. Da irin wannan farauta ta mota aka gama da warwaji, farin naman hamadar nan mai dogayen ƙahoni, wanda a dā ke yawo garke-garke a Nijar da Cadi, har aka ayyana a shekarar 2000 cewa babu sauransa a daji. Wasu na cewa tunda 'yan bindiga suka mamaye dazuzzuka irin Gundumi, ai namun daji sun samu hutu. Ban yarda da wannan ba. Mai makami da ke kwana a daji naman daji yake ci, kuma inda ma'aikacin gandun daji ba ya iya taka ƙafa, ba mai hana kowa sara ko harbi.

Yanzu ga ungulu, wadda ita ce kan tambayarka, ita ce kuma ta fi damuna a matsayina na likitan dabbobi. Ungulun nan ta gari, mai siririn baki da jan wuya, ƙungiyar IUCN mai lura da halin da halittu ke ciki a duniya ta sa ta a 2015 cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, mataki na ƙarshe kafin a ce babu. Ba ƙaura ta yi ba, kashe ta aka yi, kuma ta hanya biyu.

Ta farko guba. Kura ko dila ko karnukan yawo su kashe wa makiyayi tunkiya, ransa ya ɓaci, ya barbaɗa maganin ƙwari irin Furadan ko fiya-fiya a sauran mushen. Shi kura yake nufi. Amma wa ke riga kowa isa wurin mushe? Ungulu, kuma ba ta zuwa ita kaɗai. Mushe ɗaya mai guba na iya kwantar da ungulayen gari guda cikin awa ɗaya. A Botsuwana, a watan Yunin 2019, an tsinci ungulaye 537 a mace kewaye da gawar giwaye uku da mafarautan haure suka sa wa guba, don kada shawagin tsuntsayen ya tona musu asiri.

Ta biyu kasuwa, kuma a nan ne kunyar take a kanmu. Ka tsaya gaban shimfiɗar mai magani ranar kasuwa ka duba da kyau. Tsakanin fatar damo da ƙayar beguwa da ƙullin saiwoyi, za ka iya ganin busasshen kai mai lanƙwasasshen baki, ido ya rufta, an ɗaure shi da zare, gefe ga ƙafafu da ɗan gashin fiffike. Ana neman kan ungulu don farin jini, don cin zaɓe, don caca, don wai a ga abin da ke ɓoye, tunda ita tana hango mushe daga nesa. Nijeriya na daga cikin manyan kasuwannin wannan haja a Afirka ta Yamma, kuma da tamu ta yi ƙaranci sai aka koma shigo da ita daga maƙwabta. A Gini Bisau, a 2020, an kashe fiye da 2,000 da guba cikin 'yan makonni, da yawansu an tarar an yanke kawunan. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan ungulayen Afirka ya nuna guba da wannan ciniki su biyu ne suka ci kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen da aka samu labarinsu. Babu wata shaida ta likitanci cewa ƙwaƙwalwar ungulu na warkar da farfaɗiya ko tabin hankali. Abin da na sani shi ne tsuntsuwar da aka kashe da maganin ƙwari, gubar tana nan a jikinta, kuma ita ake dakawa a ba mara lafiya ya sha.

Abin da ya sa ungulu ba ta iya jure wannan kisa shi ne yadda take haihuwa. Zabuwar daji na zuba ƙwai goma ko fiye, ko an kashe rabi damina ɗaya ta mayar. Ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ta kwanta masa wajen kwana hamsin, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya tashi, bayan nan ma iyayen na ci gaba da ciyar da shi, shi kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa ƙwan. Kashe babbar ungulu ɗaya asarar shekaru masu yawa ce. Ga shi kuma dogayen itatuwa take so, giginya da kuka da maɗaci, waɗanda su ne muke kayarwa in za a yanka filaye.

To, me ya ci mana? Ungulu ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta taɓa karɓar albashi ba, kuma in ta bar aiki ba wanda ke iya yin sa kamarta. Ruwan cikinta yana da tsamin da ke kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Jaki ya mutu a bayan gari da safe, kafin la'asar garken ungulu da maiki sun bar ƙashi fes. In babu su, mushen nan zai kwana uku, huɗu, ya kumbura ya fashe, ƙuda su yi ta kaiwa da komowa tsakaninsa da tiren mai tsire da bakin yaro, ruwan sama ya wanke shi zuwa tafkin da ake shayar da dabbobi. A Kenya an gwada wannan a fili: inda ungulu ba ta sauka ba, mushe ya ɗauki kusan ninki uku na lokacin da ya saba kafin ya ƙare, karnuka da diloli da kuraye da ke taruwa a kansa su ma suka ninka kusan sau uku, suna cizon juna suna musayar cuta.

Indiya ce ta ga ƙarshen wannan hanya. Ƙasa ce mai shanu da yawa da ba a yankawa, ungulaye miliyoyi ne ke share mushensu. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar diclofenac, maganin ciwon jiki mai araha. Ashe ɗan abin da ya rage a naman saniyar da ta mutu ya isa ya lalata ƙodar ungulu. Cikin shekara goma sha biyar wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, ɗaya daga ciki da kashi 99.9. Kafin a hana maganin ga dabbobi a 2006, ɓarna ta riga ta auku. Karnukan yawo suka samu abinci suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. A 2024 masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. A nan ƙasar ba diclofenac ne babban makashin ungulu ba, amma ina jan kunnen makiyaya da masu sayar da maganin dabbobi a kasuwannin kara: in dole sai an ba dabba maganin ciwo, a yi amfani da meloxicam, shi an tabbatar ba ya cutar da ita.

Ka auna wannan da garinmu. Sakkwato jiha ce ta dabbobi, daga Illela zuwa Acida ana hada-hadarsu kowane mako, ga jan akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna a duniya. Ka tuna abin da ake zubarwa bayan layya, tumbi da hanji da jini, a kwalbati da bola, cikin zafin da ke haura digiri arba'in. Ciwon saifa, wanda ƙwayarsa ke iya zama a ƙasa shekaru da dama, an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023. Ciwon haukan kare kuwa, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi, kuma yara ne suka fi shan cizo.

Ba ungulu kaɗai ke yi mana aiki a ɓoye ba. Furen kuka da dare yake buɗewa, fari, yana reto, kuma jemage ne babban mai kai masa barbara daga wata itaciya zuwa wata. Haka furen ɗorawa, wannan jan tuntun, jemage da zuma ke yi masa hidima. Yaron da ke kakkaɓo jemagu da danƙo, da wanda ke cinna wa amya wuta don ya kwashe zuma, ba su san sun taɓa daddawar uwarsu ba. Mujiya da muke kashewa don camfi, ɓera take ci kowane dare, macijin gona ma haka, ɓeran kuwa shi ke cin rumbu, wani nau'insa ne kuma ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Shamuwa da belbela da tuje fara suke ci. Ƙasar Sin ta gwada raina irin wannan aiki a 1958, lokacin da gwamnati ta sa jama'a su kashe ƙananan tsuntsaye don suna cin hatsi. Tsuntsayen suka kusa ƙarewa, fara da sauran ƙwari suka samu sarari, abin ya ƙara wa yunwar da ta biyo baya muni, yunwar da ta ci miliyoyin rayuka. Na san manomin shinkafa a Wurno ko Goronyo zai ce jan-baki fa? Gaskiyarsa, jan-baki, ɗan tsuntsun nan mai sauka garke-garke a kan hatsi, annoba ne, dole a yi maganinsa. Amma feshin da ake yi masa da dare a makwancinsa ba ya tantance wa zai kashe, shaho da mujiya da duk abin da ya ci gawar na bin sahu, don haka aikin na buƙatar masana da kwashe gawarwakin da sassafe.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, asarar tana riskarmu tun kafin dabba ta ƙare daga duniya. Ungulu goma da suka rage a wani lungu ba za su share mushen jiha guda ba. A littafin masana tana nan da rai, a wurin mai kiwo da mai kwata ta riga ta tafi. In kuma ta kai ga ƙarewa gaba ɗaya, babu kuɗin da ke dawo da ita. Baƙin karkandan Afirka ta Yamma, wanda sauransa na ƙarshe ke arewacin Kamaru, an ayyana ƙarewarsa a 2011, saboda ƙahonsa aka gama da shi. Zakin Afirka ta Yamma, binciken 2014 ya samu kusan 400 ne suka rage a duk yankin, mafi yawa a gandun dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, a Nijeriya kuwa 'yan ƙalilan a Yankari da Kainji. Sarakunanmu na amsa kirari da zaki da giwa, jikokinsu kuwa sai a waya suke ganinsu. Ga ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa in an taɓa shi, da ake fataucin ɓawonsa zuwa Asiya: a watan Afrilun 2019 kaɗai hukumomin Singafo sun kama fiye da tan 25 a kwantena biyu da suka taso daga Nijeriya. Rahoton masana na duniya na 2019 ya ƙiyasta nau'in halittu kusan miliyan ɗaya ne ke fuskantar ƙarewa.

Masu cewa ƙarshen zamani ne, a bar wa Allah, ina tuna musu aya ta 38 a Suratul An'am, wadda ta ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi al'ummomi ne kamarmu. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare kuwa ɗan Islamiyya ma ya san shi. Malamanmu na Sakkwato in suka ɗauki zancen kan ungulu a mumbari, a matsayin tsafi da zalunci a haɗe, za su yi abin da dokar namun daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 ba su iya ba, domin doka tana takarda, mai saye kuwa yana sahun gaba ranar Juma'a.

Kuma abin na gyaruwa in an tashi da wuri, shaida tana maƙwabta. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma ya ragu zuwa 49 kacal a 1996, duka a yankin Kure kusa da Yamai. Aka hana kashe shi, aka sa mutanen ƙauyukan suna cin moriyar baƙi masu zuwa kallo, yau ya haura 600, yana kiwo a tsakiyar gonakin wake da gero ba shinge. Warwaji an dawo da shi Cadi daga 2016, amma sai da aka ɗauko shi a jirgin sama daga garken da aka killace a Abu Dhabi, da kuɗin da ba kowace ƙasa ke da su ba. A Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona maimakon sassabe su, har abin ya game kusan hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. A Argungu ma, hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga.

A matakin ƙauye, abin da ya fi gaggawa shi ne guba. Makiyayin da kura ta dame shi, gyaran garke da ƙaya mai kauri da kare mai gadi sun fi masa Furadan, domin gubar na iya komawa kan karensa da kajinsa da rijiyarsa. Itaciyar da aka ga sheƙa a kanta, mai gari ya sa a bar ta ko fili na wa ne. In kuma aka wayi gari aka ga tsuntsaye ko karnuka a mace kewaye da mushe, kada kowa ya taɓa da hannu, kada a bar yara ko dabbobi su matsa, kada kuma a bar kowa ya ɗauki kai ko nama. A sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma nan take. In za su yi jinkiri, a sa leda mai kauri a hannu, a rufe hanci da baki, a haƙa rami mai zurfin da ya kai tsayin mutum nesa da rijiya da hanyar ruwa, a tura mushen da gawarwakin da ƙasar da jini ya jiƙa, a ƙona in da hali, sannan a binne a danne da duwatsu don kada kare ya tono. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura kuwa, kada a feɗe ta ko kaɗan, domin wannan alamar saifa ce, kuma buɗe cikin ne ke watsa ƙwayar a ƙasa.